Wane ɓangare ne bindigar? Fashin baƙi kan firam, casis da ƙota a fistol mai sauya jiki

A ranar 19 ga Janairun 2017 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta ba kamfanin SIG Sauer kwangilar da za ta iya kaiwa dala miliyan 580, domin ya samar mata da ƙaramar bindigar da za ta gaji Beretta M9, wadda sojojinta ke ɗaurawa a ƙugu tun 1985. Wadda aka zaɓa reshe ce ta P320 da kamfanin ya fitar kasuwa a 2014. Sojoji suka raɗa wa babbar suna M17, ƙaramar kuma M18. Harsashinta mai milimita 9 shi ne dai na wadda ta gada, don haka babu wani sabon labari ta fannin harbi. Sabon labarin yana cikin yadda aka gina ta. Idan aka zare samanta, aka cire ɗan makullin da ke gefe, sai a ɗago wani ƙarfe daga cikin ƙota, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba, kunama na reto a ƙasansa. A jikin wannan ƙarfen aka buga lambar bindigar, kuma a idon dokar tarayyar Amurka shi kaɗai ne ake kira bindiga. Ƙotar da hannu ke riƙewa, da bututun da harsashi ke bi, da saman da ke ja da baya in an harba, duk kayan gyara ne kamar taya da fitilar mota.

Wannan ya dagula sunayen da aka saba da su shekara da shekaru. Mai sayarwa zai nuna roba ya ce firam, injiniyan kamfani ya nuna ƙarfen ciki ya ce firam, lauya kuma ya kawo nasa ma'anar daga littafin doka. Na ga ya dace a zauna a warware zaren, domin kalmar da aka rubuta a takarda ita ce ke nuna inda za a duba lamba ranar da aka kama makami ana neman asalinsa.

Aiki huɗu a jiki ɗaya

Fistol mai ɗura wa kanta harsashi gida biyu ce, sama da ƙasa. A sama akwai silaid, wato murfin ƙarfen da ke zamewa baya ya tofar da kwanso, ya dawo gaba ya tura sabon harsashi. A cikinsa bututu yake kwance tare da sifirin ɗin da ke maido da shi. Ƙasa kuwa shi ake ce wa firam, kalmar da kafinta da mai gyaran babur suka riga suka sani.

A tsohon gini, irin na Colt M1911 da John Browning ya tsara sojan Amurka suka karɓa a 1911, firam dunƙulen ƙarfe ne guda mai aiki huɗu. Shi ne ƙota. Shi ne gidan kunama da guduma da ɗan sakatar da ke riƙe gudumar har sai an ja kunama. A kansa aka yanka dogon da silaid ke gudu a kai. A cikinsa kuma aka huda ramin magazin, ma'ajiyar harsasai. Tun da duk ayyukan a jiki ɗaya suke, suna ɗaya ya wadatar, lamba ma a nan aka buga ta, babu mai gardama. Ko da Glock ta zo da firam ɗin roba ba ta taɓa wannan tsari ba. Ta dasa ƙananan harsunan ƙarfe huɗu a cikin robar su zama dogo, ta binne ɗan fallen ƙarfe mai lamba a ƙarƙashin hancin firam ɗin, amma har yanzu jiki ɗaya ne mai aiki huɗu.

Abin da bindiga mai sauya jiki ta yi shi ne raba gadon nan gida biyu. Dogo da kunama da sakata suka koma cikin ɗan akwatin ƙarfe mai ciruwa. Ƙota da ramin magazin da kariyar kunama suka zama kwasfa da ake zura akwatin a ciki. Lamba ta bi akwatin. A kwasfar P320 har 'yar taga aka yanka a gefen dama domin a hango lambar ba sai an kwance ba.

Kowane kamfani ya raɗa wa akwatin nan sunansa. SIG Sauer na ce masa FCU, gajarcen kalmomin da ke nufin sashen sarrafa harbi. Beretta, a APX da ƙananan Nano da Pico, casis take ce masa. Springfield Armory ta kira nata COG a bindigar Echelon ta 2023, wadda masana'antar HS Produkt ke ƙerawa a Karlovac ta ƙasar Kuroshiya. Ruger, a RXM da ta fitar tare da Magpul a ƙarshen 2024, ta ce FCI. Sunayen talla ne, abu ɗaya suke nufi, ko da yake na wannan kamfani ba ya shiga kwasfar wancan. Hatta a gida ɗaya, akwatin P365 da SIG ta fitar a 2018 ba ya zama a kwasfar P320.

A ganina casis ce kalmar da ta fi dacewa da mai karatun Hausa, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram ke furtawa shasi. Duk wanda ya taɓa sayen mota ya san takardunta lambar casis suke bi. A sauya fenti, a sauya ƙofofi, a ɗora wani bodin ma, muddin lambar casis tana nan to motar ce. Haka abin yake a nan, sai dai wannan casis ɗin yana shiga aljihu.

Matsalar ita ce baki bai bi injiniya ba. Mutane sun saba duk abin da ke ƙasan silaid firam ne, don haka suna kiran kwasfa firam har gobe. Wasu kuma sun aro kalmar lowa daga doguwar bindigar AR-15, wadda jikinta ya kasu sama da ƙasa. Shi ya sa mutum zai karanta takardar bayanin P320 ya ga an rubuta cewa firam ɗinta ƙarfe ne marar tsatsa, ya duba hoton ya ga roba, ya ɗauka an yi kuskure. Babu kuskure. Kamfanin casis yake nufi, mai kallo kuma kwasfa yake gani. Akwai kuma kalmar risiba, wadda ta fi zama a bakin masu dogayen bindigogi, ma'ana jikin da ke karɓar bututu da makullin bayansa. An daɗe ana musanya ta da firam kamar abu ɗaya ne, sai a 2022 dokar Amurka ta raba musu gida.

Ita kanta kalmar sauya jiki tana da hawa-hawa, kuma 'yan talla ba sa bambancewa. Walther P99 ta 1997 tana cikin na farko da suka zo da bayan ƙota mai ciruwa, a sa babba ko ƙarami daidai da tafin hannu. Glock ta bi sahu a ƙarni na huɗu na bindigoginta a 2010. Wannan ma ana ce masa sauya jiki, amma firam ɗin bai motsa daga inda yake ba. Gyaran riga ne kawai. Wanda nake magana a kai shi ne wanda lamba ta bar ƙota ta koma casis.

Daga Tokarev zuwa kotun New Hampshire

Tunanin ya girmi SIG da nisa. Fistol ɗin Tokarev ta Tarayyar Sobiyet, TT-33, tana da guduma da sakata a cikin ɗan gida guda da ake ɗagowa gaba ɗaya, abin da ya sauƙaƙa wa mai gyara aiki a fagen daga. Charles Petter ya yi irin haka a fistol ɗin sojan Faransa ta 1935, daga nan dabarar ta shiga SIG P210 ta Suwizalan. Amma a duk waɗannan, dogo da lamba suna jikin firam. Abin da ake cirewa kayan ciki ne.

Mataki na biyu ya zo daga filin gasar harbi a jihar Texas a farkon shekarun 1990. Virgil Tripp da Sandy Strayer suka ɗauki tsarin M1911 suka datse shi a kwance: rabin sama ƙarfe mai dogo da kayan harbi da lamba, rabin ƙasa ƙotar roba mai faɗin da zai ɗauki magazin mai layi biyu. Shi ne ginin da ake kira 2011, na kamfanin STI da ya koma Staccato a 2020. A nan an riga an raba firam da ƙota, sai dai firam ɗin yana waje ana ganinsa, bai shige ciki ba.

Steyr ta Ostiriya ta fitar da jerin fistol ɗinta na M a 1999, da wani ƙarfe mai ɗauke da dogo da kayan kunama a cikin jikin roba, ta kuma yi rajistar dabarar a Amurka. SIG ta zo da P250 a 2007, mai casis mai lamba da kwasfa kala-kala, amma ba ta samu kasuwa sosai ba, don kunamarta doguwar ja ce da ba kowa ke so ba. Da aka cire guduma aka sa allurar bugu mai sifirin a cikin silaid, sai ta zama P320. Watanni kaɗan bayan kwangilar soja, Steyr ta kai SIG ƙara tana cewa an taka haƙƙin rajistarta. A 2020 kotun tarayya da ke New Hampshire, jihar da hedikwatar SIG ta Amurka take, ta ba SIG gaskiya.

Me ya sa roba ba ta fashewa

Wannan ita ce tambayar da kowa ke fara yi, kuma amsarta ce mabuɗin duk maganar kayan ƙira. Lokacin da albarushi ya kama a cikin kwanson harsashin milimita 9, matsin da ke tashi yana kaiwa wajen bar 2,350 (bar awon matsi ne) bisa ma'aunin Turai. Tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar biyu da ɗoriya ba. Kusan ninki dubu ke nan. To amma wannan matsi ba ya taɓa firam. Bangon bututu ne ke tare shi ta gefe, fuskar silaid ta tare shi ta baya, kuma a wannan ɗan lokacin su biyun a kulle suke da juna. Sai harsashi ya fita, matsi ya faɗi, sannan bututu ya sunkuya ya saki silaid ta wuce baya. Shi ya sa a fistol ɗin soja da 'yan sanda za ka tarar bututu da silaid ƙarfe ne, ko da me aka yi ƙasan.

Abin da ke isa ƙasa nau'i biyu ne: gugar silaid a kan dogo, da dukan da take yi in ta kai ƙarshen tafiyarta. Sai kuma buƙata ta uku da ba a cika faɗa ba alhali ta fi sauran muhimmanci ga lafiyar mai riƙe da bindiga, wato sakata ta zauna daram a inda aka ajiye ta dangane da allurar da take riƙewa. Kamun da ke tsakaninsu ɗan ƙanƙani ne ƙwarai. Casis ɗin ƙarfe yana haɗa dogo da sakata a jiki ɗaya mai tauri, ya bar wa kwasfa aikin cika hannu da riƙe magazin da shan wani kaso na duka. Da zarar an fahimci wannan rabon aiki, zaɓin kayan ƙira ya daina zama abin mamaki.

Baƙin ƙarfe shi ne uban tafiya. Kowane ɗan dunƙulensa mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri na nauyin gram 7.8 da ɗoriya, shi ya sa M1911 ke kai kilo 1.1 babu harsashi. Yana jure guga, yana jure duka, nauyinsa na rage wa hannu girgiza. Aibinsa tsatsa da wahalar ɗauka a ƙugu yini guda. Marar tsatsa, wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyam, ya shiga harkar sosai a 1965 da libarbar Model 60 ta Smith & Wesson, kuma shi aka fi amfani da shi a casis na yau, domin casis yana zaune a cikin kwasfa inda gumi da laima ke maƙalewa ba a gani.

Yadda aka sarrafa ƙarfen ma yana cikin magana. Akwai wanda ake bugawa da zafi a cikin ma'auni, kamar yadda maƙeri ke yi da masaba amma da injin mai nauyin tan-tan. Akwai wanda ake sassaƙowa daga dunƙule. Akwai na falle da ake lanƙwasawa. Akwai kuma zubi, wanda Ruger ta shahara da shi: a yi siffar da kakin zuma, a lulluɓe ta da yumɓu, a narkar da kakin ya tsiyaye, a zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Wannan ita ce dabarar da maƙeran tagulla na Ife da Benin suka yi aiki da ita ɗaruruwan shekaru da suka wuce, kayan aikin ne kawai suka sauya. Masu sayen bindiga kan raina zubi, amma lokacin da FN ta so Browning Hi-Power ta ɗauki harsashi mai ƙarfi na .40 a shekarun 1990, firam ɗin zubi ta koma.

Alminiyam ya yaɗu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da masana'antar jiragen sama ta bar duniya da gwanintar sarrafa shi. Colt Commander ta 1950 tana cikin na farko. Walther P1 ta sojan Jamus ta Yamma, da Beretta 92, da SIG P226 duk suka bi. Nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, gram 2.7 zuwa 2.8. Kada a haɗa shi da na tukunyar girki. Wanda ake so a nan shi ne mai lamba 7075, gauraye da tutiya da maganiziyam da ɗan jan ƙarfe, wanda asalinsa na fikafikan jirgi ne. Ana tsoma shi a ruwan asid a sa masa lantarki har fatarsa ta zama ɓawo mai tsananin tauri. Rauninsa biyu ne. In ɓawon nan ya goge a kan dogo, silaid ɗin ƙarfe sai ta fara cin naman da ke ƙasa. Kuma alminiyam yana tara gajiya. Duka kaɗan-kaɗan in ya yi yawa yakan kai shi ga tsagewa. Smith & Wesson ta rage wannan a wasu bindigoginta ta hanyar ɗiga masa ɗan sinadarin sikandiyam, amma tsadarsa ta hana shi yaɗuwa.

A nan ne tsarin casis ya yi wani abu da ya burge ni. Lokacin da SIG ta fitar da kwasfar alminiyam mai suna AXG a 2020, babban raunin alminiyam bai biyo ta ba, domin dogon ba a jikinta yake ba, yana jikin casis ɗin ƙarfe. Silaid ba ta gogar alminiyam ko kaɗan. Mai riƙewa ya sami sanyi da taurin ƙarfe a hannu, ba tare da fargabar ranar da ɓawo zai ƙare ba. Wannan kwasfar kuwa, duk da ƙarfe ce mai kama da tsohon firam sak, ba firam ba ce a doka, ba ta da lamba. Wanda ya yi hukunci da ido zai rubuta akasin gaskiya.

Sai roba. Kalmar tana ɓata mata suna, domin tana kawo bokiti da kujerar biki a zuciya. Wadda ake nufi dangin nailan ce, sinadarin da Wallace Carothers ya haɗa a kamfanin DuPont a 1935, galibi an cuɗa ta da gajerun zaren gilashi da ke yi mata aikin da rodi ke yi wa kankare. A dunƙulen da ƙarfe ke da gram 7.8, nauyinta bai kai gram ɗaya da rabi ba. Remington ta gwada ta a doguwar bindigar Nylon 66 a 1959. Heckler & Koch ta Jamus ce ta fara yin fistol mai firam ɗin roba, VP70, a 1970, amma ba ta karɓu ba. Wanda ya ci ribar shi ne Gaston Glock, ɗan Ostiriya da ke ƙera sandunan labule da wuƙaƙen soja, wanda bai taɓa tsara bindiga ba kafin Glock 17 da sojan ƙasarsa suka zaɓa a farkon shekarun 1980. Gwanintarsa ta zubin roba ce ta kai shi. Glock 17 babu magazin ba ta wuce gram 630 ba.

Roba ba ta tsatsa. Ba ta ƙona hannu in ta sha rana, ba ta daskarar da shi a ƙanƙara. Tana ɗan lanƙwasa ta dawo, abin da ke tausasa duka. Uwa uba, injin zubi na fitar da ita cikin ɗan lokaci, ba sai an yi awanni ana sassaƙa ba, shi ya sa kwasfar roba ke da arha har mutum ya iya yanka ta ko ya zana mata ƙaiƙayi da ƙarfe mai zafi, in ta lalace ya sayi wata. A Glock kuwa wanda ya ɓata ƙota ya ɓata bindiga, tun da lambar na jikinta. Nailan tana da nata halin: tana shan laima kaɗan ta kumbura, wuta na narkar da ita tun tsakanin digiri 220 da 260, kuma ba ta riƙe zaren sukuru kamar ƙarfe sai an dasa mata gurbi.

Wani abin lura shi ne yadda aka juya baya aka fara neman nauyi. Masu gasar harbi suna son bindiga mai nauyi domin hancinta ya rage tsalle. Sai SIG ta cuɗa garin tangistan, ƙarfen da ya ninka baƙin ƙarfe nauyi kusan sau biyu da rabi, a cikin robar kwasfa, ta fitar da X5 Legion a 2019 mai nauyin kimanin kilo 1.2. Roba ce a ido, amma ta fi M1911 ta ƙarfe zalla nauyi. Casis ɗin da ke cikinta kuwa zai iya komawa cikin 'yar ƙaramar kwasfa mara nauyi gobe, da lambarsa ɗaya.

Ban yarda da masu cewa wannan tsari alheri ne zalla ba. Duk inda aka ƙara mahaɗi an ƙara wurin da awo zai iya kaucewa, musamman yanzu da kamfanoni barkatai ke ƙera kwasfa da silaid da kunama ga casis ɗin da ba su suka yi ba. Ita P320 ma ba ta rasa surutu ba. A watan Agustan 2017 SIG ta buɗe shirin gyara kyauta bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, kuma tun daga nan ake kai kamfanin ƙara kan zargin tashi ba a taɓa kunama ba, zargin da kamfanin ke musantawa. Wannan takaddama ce kan kayan harbin P320 ita kanta, bai kamata a shafa wa duk bindiga mai casis ba. Amma ta nuna cewa ɗan akwatin nan shi ne wurin da rai ke rataye, kwasfa kuwa ko ta zinariya ce ba ta gyara shi.

Inda doka ta sa yatsa

Dokar taƙaita bindigogi ta Amurka ta 1968 ta ce firam ko risiba shi kansa bindiga ne. Shi ake buga wa lamba, shi ake bincikar mai saye a kansa a shagon dila mai lasisi. Sauran sassa dokar tarayya ba ta bin su, ana aika su ta gidan waya. Tsohuwar fassarar ATF, hukumar tarayya mai kula da bindigogi, ta siffanta firam da sashen da ke ɗauke da guduma da makullin baya da kayan harbi gaba ɗaya, siffar da ta dace da libarba da tsofaffin bindigogi. Fistol mai allurar bugu ba ta da guduma ma sam, kuma kayan harbinta rabi na sama rabi na ƙasa. Har wasu alƙalai suka fara cewa ƙasan AR-15 bai cika sharuɗɗan fassarar ba.

Sabuwar ƙa'idar da ta fara aiki a watan Agustan 2022 ta gyara wannan. Ta keɓe kalmar firam ga ƙananan bindigogi, risiba ga dogaye, ta kuma ce firam shi ne sashen da ke riƙe da sakata ko abin da ke madadinta. Da wannan ma'auni casis ɗin P320 ne firam, kwasfa ba komai ba ce. Ta bar wasu tsofaffin hukunce-hukunce yadda suke, kamar na fistol ɗin Ruger Mark IV, wadda lambarta ke jikin bututun sama, ƙotarta kuma ba ta da lamba duk da sakatar na cikinta. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai bakwai a kan biyu, ta tabbatar da ɓangaren ƙa'idar da ya shafi firam ɗin da ba a ƙarasa ƙerawa ba.

Kayan ƙira ma doka ta taɓa su. A 1986 jaridun Amurka suka tayar da ƙura cewa Gaddafi na neman sayen bindigar roba da na'urar filin jirgi ba ta gani. Glock ake nufi, alhali mafi yawan nauyinta ƙarfe ne. Duk da haka a 1988 aka yi dokar da ta haramta bindigar da na'ura ba za ta gane ta kamar yadda take gane gram 105 na ƙarfe ba. Lamba kuma dole a buga ta a kan ƙarfe da zurfin da aka ƙayyade. Dalilin shi ne ƙarfe yana da tuni. Bugun lamba yana murɗa naman ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ta yadda ko an goge saman, masu binciken ƙwaƙwaf kan iya dawo da ita a ɗakin gwaji. Roba ba ta ba da wannan tabbaci.

Turai ta bi wata hanya da na fi gamsuwa da ita. Umarnin Tarayyar Turai da aka gyara a 2017 ya lissafa bututu da silaid da firam da risiba da makullin baya a matsayin muhimman sassa, kowanne da alamarsa da rajistarsa. A can ba a damu sosai da wane guda ɗaya ne bindigar ba, tun da an bi duk sassan da ke ɗaukar matsi. Wahalarsa ita ce takarda ta yi yawa, kuma bindiga mai sauya jiki na iya zuwa da lambobi uku da ba su dace da juna ba. Duk da haka gara lambobi uku da za a bi da guda ɗaya da za a zare a sa a aljihu.

Wannan batu ya isa Majalisar Ɗinkin Duniya. Yarjejeniyar bin sawun ƙananan makamai ta 2005 ta ce a buga alama a kan muhimmin sashe kamar firam ko risiba, a lokacin da firam mai fita daga ƙota bai yaɗu ba. A taron ƙwararru na 2015 a New York aka tattauna firam ɗin roba da makamai masu sauya jiki da waɗanda na'urar 3D ke bugawa, sannan babban taron bita na 2024 ya amince a kafa kwamitin ƙwararru kan waɗannan sababbin fasahohi.

Ta nan ne maganar ta shafe mu. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattu da sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka wannan ba zancen kasuwar farar hula ba ne a wurinmu. Zancen jami'in kwastan ne a tashar Apapa, da ɗan sandan da ke cike takardar kayan shaida, da ɗan jaridar da ke rubuta abin da aka baje a gaban kyamara. Yarjejeniyar ECOWAS kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta nemi a buga lamba da sunan maƙeri da ƙasa da shekara a kan sashen da maƙerin ya ayyana a matsayin mafi muhimmanci, da aƙalla wani babban sashe guda. A bindiga mai casis, wannan sashen yana ciki. Kwali cike da kwasfa ba shi da lamba ko ɗaya da za a bi, ƙaramin ƙunshi mai casis ashirin kuwa bindigogi ashirin ne a rajistar masana'antar da ta ƙera su. Takardar shaidar da ke da layi ɗaya na girman harsashi da layi ɗaya na tsawon bututu tana siffanta jikin da aka tarar ranar kamu ne kawai, domin casis ɗin P320 guda yana iya barin masana'anta a doguwar milimita 9, a same shi bayan shekara biyu a gajeriyar .40 mai wani launi, lambar tana nan yadda aka buga ta.